Yadda Muka Kai Baba Tanko Damagaram Kallon Mutuwarsa

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Abokan da muka yi kwaleji tare, na Kano da na Zariya, kowa ya gan ni sai ya ce, "A'a, Malam Isiyaku, mutanen ƙasar waje! Yaya Faransa?" Wai Damagaram ce Faransa. Ni kuwa sai in ba su labarin dogon burodi da cuku, a yi dariya a watse. To, na gaji da ba da rabin labari. Ga shi nan duka, mai zagina ya zage ni sau ɗaya kowa ya huta.

Sai na fara da wasan, don shi ya kai mu. Ni malamin firamare ne a Sabon Garin Wudil, muna da 'yar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, malamai ne da akawuna biyu da wani ma'aikacin asibiti. Bara na rubuta wasa mai waƙe-waƙe, da kalangu da kukuma, na sa masa suna Zakin Bayan Mota. A kan Baba Tanko mai fenti ne. Duk wanda ya taɓa bin bayan babbar mota a hanyar Kano zuwa gabas ya ga aikin Baba ko da bai san shi ba, zakin nan mai ɗaga ƙafa ɗaya, ido jajir, wutsiya a murɗe. Shekara talatin yana rumfarsa a bakin tasha, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarsu.

Wasan ya karɓu, ba yabon kai ba. Kafin wata biyu 'yan mata sun ɗauke waƙar direbobi suna gaɗa da ita a dandali, har Achika da Ɗankaza aka ce an ji ana rera "Tanko, zakinka ya riga mu isa gari." Amma akwai wani abu. A kwaleji an karantar da mu cewa manyan masu zane na Turai da yunwa suke mutuwa, ba a sanin darajarsu sai sun kau. To ni ma da na zo ƙarshen wasana sai na ga ai namu bai kamata ya gaza na Turawa ba. Na kashe Baba. Na kwantar da shi a tabarma, direbobi sun guje shi, yana tari, buroshi ya faɗi daga hannunsa, aka kawo makara aka ɗauke shi. Alhali Baba na gaskiya yana da shanun kiwo biyu a ɗaure, kuma malmala uku yake tashi da ita in miyar ta yi masa.

Shi bai sani ba. Bayan La'asar muke wasa, shi kuma da rana ta yi ja sai ya zame ya tafi shirin kiran Magariba. Sau uku ya kalla, sau uku yana tashi daidai inda direbobi ke zagaye shi da rawa, ya tafi yana murmushi, a ganinsa nan ne ƙarshe. Duk Wudil an san yana mutuwa bayan ya ba da baya, amma wa zai tari dattijo ya ce masa, "Baba, ai kashe ka ake yi"? Kowa ya yi kara ya yi shiru, ni kuma na fake da shirun mutane.

Da muka yi wasan a Kano, ba da Baba ba, sai aka ce matar wani babba ta yi kuka har kwallinta ya zube. Shi ke nan, aka zaɓe mu mu je Damagaram ziyarar zumunci. Kun san yadda ake yanzu da kuɗin mai ya shigo, in aka ce za a yi abu, sai a yi shi kamar gobe ba za a ci abinci ba. Aka ba mu sabuwar bas mai na'urar sanyi, kujerunta ko leda ba a cire ba, aka haɗa mu da jagora, Alhaji Sabo, mutum mai agogon zinariya da jakar takardu wadda ba ya rabuwa da ita ko zai shiga bayi.

Labulen da muke ratayawa a bayan 'yan wasa Baba ne ya zana shi, ya ce kuma labulensa ba ya ƙetare iyaka ba shi. Na kai sunansa wurin Alhaji Sabo. Alhaji ya duba takarda ya ce gurbin masu fasaha ya cika, 'yan wasa ne da makaɗa, mai fenti ba ya ciki. Gurbi ɗaya ya rage, na mai kula da kaya. Haka aka rubuta mutumin da aka yi wasan dominsa. Da na je gaya masa, kunya ta sa na ƙara gishiri.

"Baba, takarda ce kawai. Can a gaban manyan Damagaram zan kira sunanka da bakina, ka hau dandamali kowa ya gan ka."

"Da gaske, Malam?"

"Alkawari ne, Baba."

Ya ɗinka sabuwar riga ta shadda, fara ƙal. Ranar tafiya matarsa, Iya Hanne, ta aiko da dambun nama cikin kwanon sha, ta leƙo ta bayan ƙofar zaure ta ce mini in riƙa lura da shi, tun da aka kawo ta gidan bai taɓa yin kwana uku a waje ba.

Dabarata ita ce in yanke mutuwar a can. Muna wuce Kazaure na matsa kusa da Alhaji Sabo na raɗa masa. Ya dube ni kamar na ce a sayar da bas ɗin.

"Malam, kana da hankali kuwa? Don mutuwar nan aka zaɓe ku. Ita ce aka rubuta a rahoto. Ba ka da ikon taɓa ta, ta zama ta hukuma."

Na koma kujerata na ce to, ba komai, in rana ta yi ja Baba zai tashi kamar kullum. Sai da muka doshi Daura abin ya faɗo mini: a Damagaram ai Baba ba ladan ba ne. Ba inda za shi.

A Daura muka tsaya cin abinci. Na ɗauki kwanon shinkafata na je na zauna kusa da shi da niyyar in faɗa masa. Na yi gyaran murya, na ce, "Baba, game da ƙarshen wasan nan." Ya ce, "Ai ƙarshen nan, Malam, Allah Ya yi maka albarka. Rawar direbobin nan, ko a mafarki ban taɓa zaton za a yi mini ba." Ya ɗebo dambun Iya Hanne ya zuba mini a kan shinkafa. To ku gaya mini, da wane bakin? Na cinye dambun na tashi.

Iyaka kuwa ba wani abu ba ne, gora ce aka gitta a kan ganga biyu, da 'yar rumfa nan, da 'yar rumfa can. Namu suka ga lambar gwamnati suka ɗaga mana hannu. Nasu kuwa, jandarmomi, ba ruwansu da lambar kowa. Wani siriri mai gajeren wando da hula kamar ƙoƙo ya zo ya ce a sauke kaya duka. Hausarsa garau, sai dai ko "sannunku da hanya" babu. Mu da muka saba a gaisa a tambayi gida da gajiya kafin a ci mutuncinka, sai muka ga abin wani iri. Alhaji Sabo ya buɗe jakarsa ya fito da wasiƙa mai tambari, ya karanta masa da Turanci. Jandarma ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wane ne mai kaya?"

Baba ya fito, don shi ne a takarda. Aka kwance kalangai, aka warware labule, jandarma ya tsaya ya daɗe yana kallon zakin, har ya gyaɗa kai. Sannan aka sauko da wani dogon ƙunshi da muka nannaɗe da tabarmi biyu muka ɗaure tamau tun a Wudil. Aka kwance. Makara ce.

Jandarma ya ja da baya ya ce, "Ina gawar?"

Baba ya ce, "Wace gawa, ɗan nan? Inna lillahi! Wa ya ɗora mana makara a mota?"

Duk ido ya dawo kaina, ni kuwa na sami abin kallo a takalmina. Ilu ne ya cece mu, ma'aikacin asibitin nan, shi ne yake fitowa a matsayin Baba. Ya ce ai a kanta muke jera ganguna in za a shiga da su fili, ta fi sauƙin ɗauka. Jandarma ya ce shi dai bai taɓa ganin mutane irin 'yan Nijeriya ba, kuɗi ya yi musu yawa har sun rasa abin yi. Ya buga mana hatimi. Baba kuwa tun daga nan har Matamaye faɗa yake yi, wai yaran zamani ba su da tsoron Allah, a ɗora kalangu inda ake ɗora Musulmi. Duk da haka da hannunsa ya sake nannaɗe ta, ya ɗaure, don amana ce aka ba shi.

A Matamaye aka tsaya Azahar. Muna alwala sai ga wata tsohuwar babbar mota a gindin bishiya, da zakin Baba a bayanta, rana ta cinye rabin launinsa. Direban, wani Buzu dogo, da aka ce masa ga mai zakin nan, sai ya durƙusa har ƙasa. Ya ce shekara tara yana ratsa hamada da zakin nan, ko sau ɗaya bai kwana a daji ba. Ya shiga mota ya ɗebo cuku ya cika wa Baba aljihu. Cuku nono ne da suke busarwa ya zama kamar faifai, in ka gatsa ba shiri sai ka nemi haƙorinka. Baba ya tsaya a bayan motar yana shafa wutsiyar zakin da ɗan yatsa, ya ce, "Nan hannuna ya ɗan karkace, ranar zazzaɓi nake." Ni marubucin tarihinsa ina gefe, ba wanda ya ce mini ci kanka.

Mun shiga Damagaram wajen ƙarfe uku muka tarar da gari a rufe. Kanti a rufe, ofis a rufe, ko akuya ba ta motsi. Ashe al'adarsu ce, wai daga Faransawa suka gada, da rana ta take sai kowa ya je ya kwanta, har ma'aikatan gwamnati, sai La'asar a dawo. Alhaji Sabo ya ce wannan ai lalaci ne, shi ya sa ba su ci gaba ba. Na yi dariya a raina, don na taɓa zuwa ofishinsa ƙarfe goma sha ɗaya na tarar da shi yana minshari, bambancin kawai su a gida suke yin nasu.

Da La'asar mai masaukinmu ya zo, Malam Mamman, shugaban gidan samari na garin. Mutumin kirki, ya yi karatu a Faransa, yana zuwa ya rungume Alhaji Sabo ya manna masa kumatu dama da hagu. Alhaji ya sandare, yana ta goge fuska da hannun riga. Aka sauke mu a makarantar kwana da ɗalibai suka tafi hutu, gadajen ƙarfe a jere. Alhaji shi kaɗai aka kai otal. Abinci kuwa dogon burodi ne mai tsawon kamu biyu, ɓawonsa kamar busasshiyar ƙwarya, da wani ganye ɗanye da aka yayyafa wa mai da ruwan tsami. Makaɗinmu ya ɗaga ganyen ya ce shi a gidansu sai an dafa ake ba mutum, ɗanye na tumaki ne. Amma kilishinsu, gaskiya, ya fi namu, kuma shayinsu sau uku ake zubawa a 'yan ƙananan kofuna, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi.

Wurin shayin nan Malam Mamman ya kawo mana tsarin gobe. Wasa ƙarfe goma na safe, don babban baƙo soja ne, ba ya son a ɓata masa barcin rana. Ƙarfe goma na safe! Ba Magariba, ba La'asar, ko Azahar ba za ta cece ni ba. Ya ƙara da cewa wasiƙar da Alhaji ya aiko ta ce labarin gaskiya ne, wannan ya burge su ƙwarai, har gidan rediyo za su zo. Baba yana can gefe yana shimfiɗa sabuwar rigarsa a ƙarƙashin katifa don ta miƙe. Na tashi na nufe shi, wallahi na nufe shi. Ya ɗago ya ce, "Malam, in an kira ni, hannu zan ba sojan ko durƙusawa ake yi a nan?" Na ce hannu ake bayarwa. Abin da na iya faɗa ke nan.

Da safe zauren ya cika, ɗalibai da ma'aikata da matansu, har Turawa uku. Su a nan shiru ake yi wa wasa kamar ana huɗuba, ba mai sayar da gyaɗa, ba mai yi wa ɗan wasa ihu ya gyara hularsa. Baba ya rataya labulensa, ya sa farar shaddarsa, ya zauna a kan akwatin kaya a gefen dandamali, inda yake ganin komai, ni ma ina ganinsa.

Wasa ya yi kyau, abin haushin ke nan. Ba mu taɓa yin kamarsa ba. Da aka zo rawar direbobi Baba ya gyara zaman hularsa, ya miƙe tsaye, yana jiran a kira shi. Sai kukuma ta sauya murya. Direbobi suka juya baya ɗaya bayan ɗaya suka fita. Ilu ya kwanta a tabarma ya fara tari. Shi kuwa Ilu a asibiti yake aiki, ya san tari iri-iri, ranar nan kuma da ya ga Turawa sai da ya yi su duka. Ya kai minti goma yana mutuwa. Na ga Baba ya koma ya zauna a hankali. Da aka shigo da makarar da ya yi gadinta tun daga iyaka, sai ya dube ta, ya dube ni. Bai ɗaure fuska ba, bai yi komai ba, kallona kawai ya yi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni.

Aka yi tafi kamar rufin zai faɗo. Mata suna share hawaye. Babban baƙo ya hau, ya yi jawabi da Faransanci, Malam Mamman yana fassarawa, mai rediyo ya miƙa musu abin ɗaukar magana. Ya ce wannan mai zane ba na Wudil kaɗai ba ne, na Afirka ne gaba ɗaya, kuma abin takaici ne a bar irinsa ya mutu da yunwa a ƙasa mai arzikin mai. Sannan ya ce kowa ya tashi a yi shiru na minti ɗaya don marigayi Tanko.

Wannan ma al'adarsu ce. Mu in an yi mutuwa addu'a muke yi, su kuwa tsayawa suke yi ƙiƙam, ba Fatiha ba salati, ana duban agogo. Kowa ya miƙe. Baba ma ya miƙe, don ba ya zama manya suna tsaye.

Minti ɗaya yana da tsawo, jama'a. A cikinsa na shirya maganata tsaf: zan karɓi lasifika in ce ranka ya daɗe, an sami kuskure, ga Tanko nan da ransa. Da aka zauna Malam Mamman ya kira marubuci. Na taka zan hau, sai Alhaji Sabo ya damƙe mini gefen riga, ya sa bakinsa a kunnena.

"Ka ce uffan, ka mai da soja maƙaryaci a gaban rediyo, ka kunyata ƙasa. Wallahi sai ka ƙare aikinka a ƙauyen da ko keke ba ya zuwa."

Na hau. Ga lasifika a hannuna, ga Baba a kan akwati da farar riga, ya ɗan gyara zama, har yanzu yana sa rai. Na gode wa babban baƙo. Na gode wa Malam Mamman. Na gode wa gwamnatocin ƙasashen biyu, na yi magana a kan zumunci da tarihi, har na kawo wani abu a kan darajar fasaha wanda aka tafa mini. Na sauko. Ba wanda ya rufe mini baki, ni na rufe abina.

Sai baƙon ya ɗauko wani bargo na saƙar hannu, mai kyau, da takardar yabo, ya tambaya ko akwai wani na kusa da marigayi a cikin tawaga. Muka dubi juna. Can sai na ji ƙarar shadda. Baba ya taso, ya hau matakala a nutse, ya miƙa wa soja hannu kamar yadda na koya masa. Na ce yau asirinmu ya tonu, kuma wallahi har na ji sanyi a raina, gara a tone. Baba ya karɓi bargon da hannu biyu ya ce, "Na san shi, ranka ya daɗe. Zan kai wa iyalinsa. An gode." Ya sauko ya koma kan akwatinsa. Ya rufa mana asiri, mu da muka binne shi.

Washegari muka kamo hanya. Sabuwar bas ɗinmu mai na'urar sanyi ta kawo mu Matamaye ta ce ba ta san zance ba. Makanikin garin ya buɗe ta ya ce shi bai taɓa ganin irin cikinta ba, sai an aika Kano a kawo wani ƙarfe. Alhaji Sabo ya hau motar haya da jakarsa ya ce zai je ya turo, mu kuwa muka kwana biyu a rumfar makaniki, muna cin burodi da cukun aljihun Baba, don shi ya raba mana.

Da ma ya zage ni. Ina! Kullum da safe sai ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, "Malam, an tashi lafiya? Ya gajiya? Ya baƙunta?" Yana gamawa sai ya juya. Da Ilu kuwa har wasa yake yi, yana ce masa tarin nan na uku ya fi kyau. Ya nemi ragowar fenti wurin makaniki ya zana masa zaki a ƙofar rumfa, yara suka taru suna kallo. Rana ta biyu na same shi yana wanke buroshi, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Malam, mutuwa ai ba zagi ba ce, kowa zai yi. Amma da yunwa? Ni? Uwar yara ta taɓa barina da yunwa? Kuma direbobin nan da ka sa suka juya mini baya, wanne ne a cikinsu? Faɗa mini sunansa."

Na ce babu.

"To," in ji shi, ya ci gaba da wanke buroshinsa.

Da ƙarfen ya iso aka gyara bas, muka taso da sassafe, muka ratsa Kano, muka hau gadar Wudil da hantsi. Na ce wa direba ya fara sauke Baba a ƙofar gida, ko wannan na yi masa. Muna karyo kwanar unguwarsu sai muka ga hanya a toshe. Tabarmi tun daga ƙofar gidan Baba har masallaci, mutane maƙil, manyan motoci sun fi goma a jere a bakin titi, kowace da zakinta. Ana ta rabon gumba da waina.

Abin da ya faru, daga baya aka ba mu labari, mai shayin bakin tasha ne ya kamo tashar Nijar a rediyonsa, ya ji an ce tawagar Wudil ta yi wasa, an yi tsayuwar juyayin marigayi Tanko mai fenti, an ba da bargo a kai wa iyalinsa. Mutanen Wudil sun san mutuwar cikin wasa, amma ba su taɓa jin soja ya yi wa wasa ta'aziyya ba. Mutum ya tafi da ƙafarsa, rediyo ta ce marigayi, mota kuma shiru. Aka ce ai can ta same shi, can aka binne shi. Mun iso daidai sadakar uku.

Baba ya sauko daga bas da bargo a kafaɗa. Wanda ya fara ganinsa ya yar da wainarsa ya zura a guje, takalmi a hannu. Wuri ya hargitse, masu salati na yi, masu gudu na yi, wani direba ƙato ya rungume shi yana kuka kamar yaro. Liman ya taɓa hannunsa sau biyu kafin ya yarda. Baba ya bi tabarmin nan da kallo, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshen layi. Mutanen da suka zo sun ninka waɗanda suka taɓa kallon wasana sau uku.

Daga cikin gida kuwa ba a san abin da ake ciki ba. Hayaniyar da mata suka ji, sun zaci wasu 'yan ta'aziyya ne suka iso, sai kuka ya tashi sabo. A cikin muryoyin na gane ta Iya Hanne, ta dushe, da ƙyar take fita. Wata tsohuwa da ke bakin zaure ta ce kwana uku ke nan ko ruwa sai an matsa wa Iya Hanne, ta cire 'yan kunnenta, ta shiga takaba.

Na zaci Baba zai ruga ciki. Ya yi taku biyu ya tsaya. Ya ce in ta gan shi kwatsam a haka zuciyarta ba za ta ɗauka ba, sai an fara shiga an gaya mata. Liman ya ce bari shi ya shiga. Baba ya ce a'a. Ya waiwayo ya neme ni a cikin jama'a, ya sauke bargon daga kafaɗarsa ya ɗora mini a hannu.

"Malam, kai ne ka iya tsara magana. Shiga ka gaya mata. Ka gaya mata tun daga farko, da wanda ya rubuta."

Mutane suka dare mini hanya. Na shiga zauren, na tsaya a bakin ƙofar tsakar gida da bargo a hannu, ina jin kukanta ta bayan asabari. Na yi sallama, muryata ba ta fita ba. Sai da na sake.